Dozin Arba'in da Tef Ɗin Kawu

Shagon Dozin taku shida ne a tsaye, huɗu a kwance. A lokacin da wannan abu ya faru keken ɗinki ɗaya ne a ciki, sai tebur mai gajeriyar ƙafa ɗaya da aka tokare da guntun katako, da benci, da madubin da ya tsage a kusurwa. Ƙofar na kallon titin da 'yan makaranta ke bi kowace safiya.

Dozin ba sunanta na gaskiya ba ne. Tana 'yar shekara goma sha biyar Inna ta kai ta shagon yayanta ta koyi ɗinki, kuma ba a yi wata guda ba telolin layin suka gane yarinyar ba ta iya ganin abu ta bar shi ba ta ƙirga ba. In Kawu ya aike ta sayen maɓallai, ba ta cewa ga fakiti biyu. Sai ta ce ga dozin shida da guda huɗu, ɗaya kuma hudarsa uku ce maimakon huɗu. Sunan ya bi ta har gidan aure, har 'ya'yanta uku suka tashi suna jin ana kiran uwarsu da shi.

Shekara shida ta yi a hannun Kawu. Ta farko shara da ɗora maɓalli. Ta biyu kalmasa. Sai a ta huɗu ya bar ta ta taɓa almakashi, shi ma a kan ƙyallen da aka riga aka zubar. Kawu mutum ne mai ƙarancin magana da yawan tsaki, kuma duk wanda ya san shi ya san tef ɗin awon da ke rataye a wuyansa. Na yadi ne, ruwan ɗorawa da ya koma ruwan ƙasa, maigidan da ya koya masa aiki ne ya ba shi ranar da ya sallame shi, shekara talatin da ɗaya ke nan. Da shi yake awo, da shi yake ɗaure kayan da ya gama, in yana tunani kuma ya naɗe shi a hannu yana ja. Ba mai taɓa shi.

Da ta buɗe nata shagon, shekara tara ta yi tana aikin da kowane tela ke yi: mutum ya zo, a auna shi, a yanka, a ɗinka, ya dawo ya yi ƙorafi, ya karɓa. Cikin waɗannan shekaru Kawu bai taɓa taka ƙofarta ba, duk da taku ɗari da goma ne tsakaninsu. Ita ke zuwa gaishe shi.

Abin da ya fara damunta rigunan makaranta ne. Kowane mako iyaye na kawo mata kamar goma sha huɗu, kwalar ta ɓalle ko hammatar ta yage, rigar ko zango guda ba ta yi ba. Wani mai kanti a kasuwa ke kawo su buhu-buhu daga waje. Ta ɗauki wata da aka manta a shagon ta warware ta da reza, ta shimfiɗa a tebur. Yanki bakwai ne: baya ɗaya, gaba biyu, hannu biyu, kwala, aljihu. Maɓalli shida. Babu abin da ya fi ƙarfin kowane tela a layin. Washegari ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙirga yaran da suka wuce kafin a kaɗa ƙararrawa, ɗari biyu da goma sha huɗu ta wannan hanyar kaɗai. Kowa da riga a jiki, wata kuma tana gida a kan igiyar shanya.

Sau huɗu ta je wurin shugabar makarantar. Na farko an ce tana taro. Na biyu ta yi zaman awa biyu a benci. Na uku Malama ta karɓi samfurin da ta ɗinka ta jefa a aljihun tebur ba ta duba ba. Na huɗu ta fito da shi, ta ja kwalar da hannu biyu kamar mai neman raba ta da rigar, ba ta motsa ba.

"Ɗinkinki na da kyau," in ji Malama. "Amma riga ɗaya kowa zai iya. Ni matsalata da teloli, in na ba da goma sai a kawo mini kala goma. Na waje ko ba ƙarko, duk kansu ɗaya."

"Nawa ma kansu zai zo ɗaya, Malama."

"Dozin arba'in. Ƙarami, matsakaici, babba. Kwana ashirin da huɗu ya rage a dawo hutu. Ranar zan zaro shida daga ko'ina na ga dama in ɗora wata kan wata. In suka bambanta, kin ga ƙofa, mai kanti kuma yana da lambata."

Dozin arba'in riga ɗari huɗu da tamanin ke nan. Ita kaɗai, in ba ta ɗaga kai ba, biyar take gamawa a yini. Kwana casa'in da shida. Tun kafin ta fita harabar makarantar ta gama wannan lissafin, ta kama na biyu. Teloli biyar in kowa ya ɗinka tasa daga farko har ƙarshe, kala biyar za a samu, abin da Malama ba ta so. Amma in kowa ya riƙe yanki ɗaya yana maimaitawa, hannu zai saba, zare ba zai riƙa canzawa ba. Ta gwada da agogon wayarta, kwala goma a jere, ta ga ta goman rabin lokacin ta farko ta ci. Ta tsara kwana shida na yanka, kwana goma sha shida na ɗinki a kan talatin kullum, kwana biyu na ko-ta-kwana.

Dogo, wanda shagonsa ke daura da nata, ya karɓi kwala. Mutum ne da ba ya iya zura zare a allura bai yi wa wani ba'a ba, tun ranar kuma ya koma kiranta Manaja. Tagwayen da ke ɗinki a shago ɗaya a bakin kwana suka karɓi hannu da aljihu da maɓalli. Ita za ta yanka hannaye da kwala, ta kuma haɗa. Saura jikin riga, wanda ya fi cin yadi, ya fi son ƙwararren almakashi. A layin duka mutum ɗaya ne ke iya jera yadi ninki takwas ya yanka ba tare da na ƙasa ya goce ba.

"Kawu, ina kwana."

"Lafiya, Dozin. Yau kuma me aka ƙirga?"

Ta durƙusa ta yi masa bayani. Ta san masu kawo masa ɗinki sun koma tsofaffi bakwai, ta san teburinsa na yin kwana uku ba a shimfiɗa masa yadi ba, amma ba ta ambaci wannan ba.

"Wato ni in yanka," in ji Kawu, "wata ta ɗinka hannu, wata ta liƙa aljihu, wancan zanƙalelen ya ɗora kwala. To in rigar ta fito ta wa ce? In ta ɓaci wa za a zaga?"

"Ni za a zaga, Kawu."

"In ta yi kyau fa?"

"Kowa ya san almakashin wa ya bi ta kai."

Ya yi dariya ta hanci, ya naɗe tef a hannu ya ja. Ya ce a teburinsa zai yi, kada kowa ya tsaya masa a kai, a rubuto masa awon a takarda. Ta rubuta takarda biyu iri ɗaya, ta ba shi ɗaya, ta manna ɗaya a bangonta.

Yadin shuɗi ne mai haske, ta kwashe duk abin da ya rage na wannan launi a wurin mai yadi. Ta tsaya aka auna a gabanta, ta raba na jiki daban, na hannu da kwala daban, ta sa aka kai wa Kawu nasa a baro.

Ranar ta shida da la'asar Kawu ya aiko mata cewa yadi ya ƙare. Ta je ta ƙirga abin da ya yanka, an jera su ɗauri-ɗauri, gefensu sumul kamar takardar littafi. Ɗari huɗu da hamsin da shida. Babu ashirin da huɗu.

"An cuce ki a kasuwa," in ji Kawu. "Kullum ina gaya miki mai yadi hannunsa ya fi idonki sauri."

Ta ɗauki mayafi ta nufi kasuwa, ta tsaya a gaban mai yadi ta faɗa masa maganganun da mutane suka taru suna kallo. Ya rantse har muryarsa ta dushe. Ya ce ko da ta biya shi ninki biyu, wannan shuɗin babu shi, sai wata mai zuwa.

Washegari aka fara haɗawa. Ba a yi minti ashirin ba Dogo, da ya zo karɓar na ɗora kwala, ya ɗaga riga sama yana kallonta ta gefe.

"Manaja, wannan kwalar da wannan wuyan sun taɓa haɗuwa kuwa? Na zagaya, na dawo, saura yatsa biyu ba su gaisa ba."

Babbar tagwayen ta ce hannun ma haka. Ramin da za a ɗora shi ya fi shi faɗi, in ta ja hannun ya kai sai jikin ya tattare kamar fuskar mai shan magani.

"Wannan ramin ai yaro zai iya shiga rigar ta nan," in ji Dogo. "An huta da ɓalle maɓalli."

Ba wanda ya yi dariya sai ƙaramar tagwayen, ita ma ta haɗiye. Dozin ta fara da kanta. Ta auna hannayen da ta yanka, ta duba takardar bango, daidai. Ta auna kwala, daidai. Ta ɗauko bayan riga matsakaiciya daga yankan Kawu, wanda takarda ta ce faɗinsa inci ashirin. Ashirin da ɗaya. Ta ɗauko wani daga tsakiyar ɗauri, ashirin da ɗaya. Ta auna goma sha biyu, duk bakinsu ɗaya.

Ta naɗe ɗaya ta tafi wurin Kawu. Ba ta ce masa ya yi kuskure ba, ta ce tana son ta ga yadda yake aunawa ne don nata yankan ya bi nasa. Kawu ya shimfiɗa yankin, ya sauke tef daga wuya, ya ɗora, ya danne da babban yatsa. Ta sunkuya ta duba da idonta. Ashirin cif, ko zare ɗaya bai wuce ba.

"Sai me?" in ji shi.

"Ba komai, Kawu. Na gode."

A hanyar komawa akwai shagon kafinta. Yana auna katako da tef ɗinsa na ƙarfe, irin mai komawa gidansa da kansa. Ta roƙe shi aro, ta shimfiɗa yankin a kan bencinsa. Ashirin da ɗaya. Ta ɗora nata tef ɗin a jikin na ƙarfen, suka tafi tare har ƙarshe. Sai ta tsaya, yadin a hannunta, tana motsa leɓe. Ɗaya a kan kowane ashirin. Ɗari huɗu da tamanin, a cire ɗaya daga kowane ashirin, an cire ashirin da huɗu. Mai yadi bai ci ko inci ɗaya ba. Tef ɗin Kawu ne ya saki, shekara talatin da ɗaya na ja da gumi da ɗaurin kaya sun ƙara masa tsawo.

Abin da ya fi tsaya mata shi ne, duk tsawon shekarun nan ba wanda ya taɓa dawo wa Kawu da riga. Dalilin a fili yake. Da tef ɗin yake auna mutum, da shi yake auna yadi. In ya ce ƙirjin mutum arba'in, ya yanka arba'in irin nasa, riga ta zauna daram. Incinsa nasa ne shi kaɗai, kuma muddin shi ke farawa shi ke gamawa, ba abin da zai nuna. Sai yau da aka raba riga gida biyu.

Ta fara zuwa kasuwa. A gaban mutanen da suka ji ta jiya ta ba mai yadi haƙuri, da ƙarfi yadda za su ji. Ya ce ya yafe, amma ya ƙara da cewa gobe in za ta yi masa ihu ta bari ya karya kumallo tukuna.

Gyaran kansa ba shi da wuya. Yankan girma ya yi, ba ƙanƙanta ba, ana iya rage shi. Mai wuyar shi ne wanda zai rage, da abin da za a ce masa. Dogo ya ce a bari Kawu ya yi gyangyaɗin rana a musanya masa tef da sabo.

"Mutumin da ya san tef ɗinsa da wari?" in ji babbar tagwayen. "Kai dai a musanya maka kai ba za ka lura ba."

Mijin Dozin, mai gyaran fanka, ya ce ta bi nasa awon kawai, ta sake yanka hannaye manya. Ta ce da wane yadin, kuma samfurin da ke aljihun teburin Malama fa? Ta biya gidan Inna.

"Ke kin san Yaya," in ji Inna tana tsince shinkafa. "Ni da muka fito ciki ɗaya, shekara sittin ban taɓa ce masa ga daidai ba. Ke da ya koya miki riƙe allura za ki je ki ce tef ɗinsa na ƙarya?"

"Ba ƙarya yake ba, Inna. Tsufa ya yi."

"To wannan ma ki gwada faɗa masa, in ji labari."

Da safiyar rana ta takwas ta tara tef ɗin kowa a shagonta, don ta ga ko akwai wani abin da ke jiranta a gaba. Akwai. Na Dogo bakin ƙarfensa ya cire tun bara, da shi da rabin inci na farko, yana farawa daga ɗaya yana ragewa a ka, in ya tuna. Na tagwaye guda ɗaya ne su biyu, ya taɓa faɗawa kan dutsen guga ya ƙanƙance a tsakiya. Teloli biyar, tef huɗu, ba biyu da suka yarda da juna. Ta kwashe su, ta ari na kafinta, ta ce kowa ya biyo ta.

"Kawu, mun zo ka raba mana gardama. Awonmu ya ƙi haɗuwa, kowa na cewa nasa ne daidai."

Ta ja na ƙarfen a kan teburinsa ta danne, ta jera sauran a gefensa. Kawu ya sa tabarau, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan na Dogo ya ɗaga shi da yatsa biyu kamar mataccen ɓera.

"Da wannan kake auna bayin Allah? Shi ya sa duk wanda ka ɗinka wa wando yake tafiya kamar an ɗaure shi." Ya juya ga tagwaye. "Ku kuma tef kuke gogewa ko kaya? Yaran yanzu, an ba ku keke mai lantarki, awo ya gagare ku. Ku matsa ku ga yadda tef yake."

Ya sauke nasa daga wuya, ya daidaita bakinsa da bakin na ƙarfen, ya shafa shi da tafin hannu har ƙarshe. A inci biyar ba a ga komai ba. A goma ya ɗan leƙa gaba. Inda nasa ya ce ashirin, na ƙarfen ya ce ashirin da ɗaya.

Kawu ya ɗaga, ya sake ɗorawa. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya sake. Dogo, wanda bakinsa bai taɓa rufuwa ba, ya sami wani abu a silin yana kallo. Dozin tana durƙushe, idonta a ƙasa.

"Ƙarfen kafinta," in ji Kawu daga bisani. "Wa ya san inda aka ƙera shi."

Ya naɗe tef ɗinsa a hankali, bai mayar wuya ba, ya sa a aljihu.

"Ku kwashe kayanku. Ina da aiki."

Suka kwashe, har da ɗaurin jikin riga duka, sawu uku a baro. Washegari shagon Kawu a rufe. Jibi ma a rufe.

Dozin ba ta da lokacin zama. Ta karɓo kwalayen firji biyu daga mai sayar da kayan lantarki, ta zana kowane yanki a kai da tef ɗin kafinta, ta yanke. Baya, gaba, hannu, kwala, aljihu, sau uku, kwali goma sha biyar. Ta ce daga yau ba mai karanta lamba, a ɗora kwali a zagaya da alli. Ta kama rage jikin rigunan da kanta. Ninki biyu take iyawa, in ta yi uku na ƙasa ya goce. Ranar farko ta rage ashirin da biyu, ta biyu ashirin da shida, kuma duk lokacin da take yanka ba mai haɗawa. Tagwaye suna ƙare nasu su zauna suna jiranta. Ta sake lissafi, ya ba ta kwana talatin da ɗaya. Ta sake ta wata hanyar, ya ba ta talatin.

Rana ta goma sha ɗaya, wajen ƙarfe takwas, ƙofar ta yi duhu. Kawu ne, da babban almakashinsa naɗe a tsumma, wuyansa ba komai. Ta miƙe za ta gaishe shi, ya wuce ta ya ɗauki kwalin baya matsakaici ya kai shi saitin ido.

"Wa ya yanka wannan? Akuya ce ta ci gefensa?"

"Ni ce, Kawu."

"Shekara shida na ɓata." Ya girgiza teburin, ya ji yana rawa, ya yi tsaki. "Ke, a nan kike yanka wa mutane kaya? Dogo, tashi ka kira kafintan nan ya zo da ƙusa. Ya taho da ƙarfen nasa."

Kafin azahar ya sake yanka kwalayen goma sha biyar, ya zagaye gefensu da salatif don kada alli ya cinye su. Daga nan ya jera ninki takwas, ya ɗora kwali, ya bi. Maganar tef ba ta sake fitowa daga bakinsa ba, ba ta kuma fito daga nata ba. Cikin kwana uku ya gama ragewa, ya koma duba ɗinkin kowa, yana mayar wa Dogo kwala ɗaya cikin kowace goma.

"Kawu, wannan fa lafiyarta ƙalau."

"Lafiyarta ƙalau in yaron wuyansa a karkace yake. Warware."

Suka tashi daga talatin a yini zuwa talatin da huɗu, ranar da wuta ba ta ɗauke ba har talatin da tara. Mai gyaran fanka ya rufe shagonsa kwana biyu ya riƙe dutsen guga. Ranar ashirin da huɗu da hantsi aka ɗora maɓalli na ƙarshe.

Ta kai kayan ofishin Malama a baro biyu, kafin a tambaye ta ta ce, "Dozin talatin da takwas ne. Biyu babu. Kuskuren awo muka yi, yadi ya ƙare, launin kuma sai wata mai zuwa. Akwai wani shuɗin da ya kusa, ban so in haɗa miki ba."

"Arba'in muka yi da ke."

"Arba'in muka yi."

Malama ta miƙe. Ta zagaya kayan, ta zaro matsakaiciya daga sama, biyu daga tsakiya, ta sa aka ɗaga ɗauri ta zaro uku daga can ƙasa. Ta share teburinta, ta ɗora wata kan wata, kafaɗa kan kafaɗa. Ta bi gefen da yatsa, ta leƙa ta ƙasa. Sannan ta buɗe aljihun tebur ta ɗora samfurin a sama. Shida da ɗaya, kamar riga guda mai kauri.

"Yara ashirin da huɗu za su shiga aji da tsofaffin riguna saboda ke," in ji ta. "Wata mai zuwa nake son su, ba wata na sama ba. Wando kuma, kuna yi?"

"Muna yi," in ji Dozin, wadda ba ta taɓa ƙirga yankin wando ba. Kafin ta kai bakin titi ta ƙirga.

Shekara huɗu ke nan. An fasa bangon da ke tsakanin shagonta da na kusa, an koma taku shida a goma sha ɗaya. Keke goma sha ɗaya, ma'aikata goma sha huɗu, makarantu huɗu da wani kamfanin masu gadi. Mai yadi yanzu shi ke kiranta kafin ya yi odar shuɗi. Kafinta ya yi mata tebur uku, mai kayan lantarki kuma ya daina zubar da kwali, sayarwa yake. Dogo na nan a kan kwala, yana cewa in ya mutu a rubuta cewa bai taɓa ganin ƙasan riga ba.

A gefen babban teburin an kafa rular ƙarfe da ƙusa huɗu. Kowace Litinin, kafin a taka keke, duk mai tef sai ya ɗora shi a jikinta. Wanda ya goce ya tafi kwandon shara, zuwa yanzu tara sun tafi. Kawu ne ke tsayawa a kan wannan, kuma ba ya sassauci.

Da rana yakan koma nasa shagon, inda tsofaffinsa, da suka rage biyar, ke kawo masa ɗinki. A can tsohon tef ɗin ya koma wuya. Da shi yake auna su, da shi yake yanka, rigunan kuma na zama daidai kamar kullum. Watan jiya idonsa ya dame shi, ya aiko mata da littafin awonsu da yadin mutum ɗaya, ya ce ta yanka masa. Ta buɗe shafin, ƙirji arba'in. A ƙasan lambar, da fensir, da rubutun Kawu, an ƙara: arba'in da biyu a naku.